Yadda Za Ka Shirya Ɗakin Aiki a Gida a Boɗinga da Shagari: Rufi, Iska, Lantarki da Kayan Aiki

A garuruwan da ke kan babbar hanyar da ta tashi daga Sakkwato ta ratsa Boɗinga da Shagari zuwa Tambuwal da Jega, mutane da dama a cikin gida suke neman abincinsu. Akwai tela, akwai mai gyaran waya, akwai kafinta, akwai mai gyaran injin ban-ruwa, akwai matar aure mai ɗinki da saƙa. Kusan kowa a cikinsu yana da burin ware ɗaki guda na sana'a, inda zai ajiye kayansa ya kulle, ya yi aikinsa ba tare da yara sun taɓa masa komai ba.

Abin da ya fi faruwa shi ne a ɗora bulo, a buga kwano, a sa ƙofar ƙarfe, sai ragowar kuɗin ya tafi wajen sayen injina da batir. Da watan Afrilu ya kama, ɗakin ya koma tanderu. Daga ƙarfe goma sha ɗaya na safe zuwa la'asar babu mai iya zama a ciki, batirin da aka saya da tsada ya fara sanyi tun bai shekara biyu ba, ƙura kuma ta shiga kowace na'ura.

Maganin wannan yana cikin jerin yadda ake kashe kuɗin. A yanayi irin na Sakkwato, rufi da hanyar iska ake fara gyarawa, sannan wayoyin wuta, sannan sola da batir, kayan aiki su zo a ƙarshe. Duk nairar da ka kashe wajen hana zafi shiga ɗaki tana rage maka girman solar da za ka saya, tana kuma ƙara wa kayanka tsawon rai. Ga bayanin mataki-mataki.

Ka san abokan gabanka guda uku

Na farko shi ne zafi. Daga Maris zuwa Mayu ma'aunin zafi a wannan yanki yakan wuce digiri 40 da rana, kwanon rufi kuwa da ke shan rana kai tsaye yana iya kaiwa digiri 70. Wannan zafin ne yake saukowa a kan wanda ke ƙarƙashinsa, ko da fanka tana juyawa.

Na biyu ƙurar hunturu, wadda iskar arewa maso gabas ke kwasowa daga kusan Nuwamba zuwa Fabrairu. Tana da laushi kamar gari, tana shiga cikin keken ɗinki, da inbata, da kwamfuta, tana kuma rufe fuskar sola.

Na uku iskar farkon damina. A ƙasar Hausa hadari galibi daga gabas yake tasowa, shi ya sa tsofaffin magina suka fi kula da bangon gabas. Iskar da ke gaban ruwan Mayu da Yuni ita ce ke yaye kwano, ta jefar da solar da ba a ɗaure da kyau ba.

Idan ka riƙe waɗannan ukun a ranka, duk shawarar da ke tafe za ta fito maka fili.

Wurin da za a kafa ɗakin da inda zai fuskanta

Idan sana'arka ta haɗa da baƙi masu kawo aiki, ka kafa ɗakin kusa da zaure, ko ka fitar masa da ƙofa ta waje, don kada baƙo ya riƙa ratsa tsakar gida. Idan kuma ɗakin na uwargida ne, mai ɗinki ko haɗa turare, ya fi dacewa ya kasance daga ciki, amma nesa da madafa saboda hayaƙi da tartsatsin wuta.

Boɗinga da Shagari suna kusa da digiri 13 a arewacin layin da ya raba duniya biyu. Ma'anar wannan ita ce da tsakar rana, rana tana kusan tsakiyar ka a mafi yawan shekara, don haka rufi ne ke ɗaukar zafinta. Da safe tana dukan bangon gabas, da yamma kuma tana dukan bangon yamma, kuma na yamma ya fi muni domin lokacin iska ta riga ta yi zafi. Saboda haka ka shimfiɗa ɗakin ta yadda tsawonsa zai tafi daga gabas zuwa yamma. Ta haka gajerun bangaye ne za su fuskanci fitowar rana da faɗuwarta, dogayen kuma su kalli kudu da arewa, inda za ka buɗe tagogi.

Idan ginin ya riga ya tsaya ba haka ba, akwai gyara. Ka yi rumfar zana ko ta kara a jikin bangon yamma, ka bar ɗan fili tsakaninsu don iska ta wuce. Ka dasa dogon-yaro a wannan ɓangaren, amma ka ba shi tazarar aƙalla mita uku zuwa huɗu daga tushen gini saboda saiwa.

Ɗaki mai mita huɗu da mita biyar ya ishi mutum ɗaya da yaronsa, da tebur, da kanta, da wurin juyawa. Da shi za mu yi lissafi a nan gaba.

Rufi: inda aikin yake

Kakanninmu da suka yi ginin soro da tubali da azara sun san abin da suke yi. Bango mai kauri na laka yana shanye zafin rana a hankali, ba ya sakinsa cikin ɗaki sai dare ya yi. Bulon siminti mai rami, musamman mai inci shida, ba shi da wannan haƙurin. Idan za ka iya, ka yi bango da tubalin laka mai kauri ka shafe wajensa, ko ka yi amfani da bulo mai inci tara a ɓangaren yamma.

Amma mafi yawan zafin ta sama yake shigowa, kuma akwai matakai huɗu na rage shi, daga mai araha zuwa mai tsada.

Na ɗaya, ka shafa wa kwanon farin fenti ta waje. Fari yana mayar da hasken rana, kwanon da ya yi tsatsa kuwa shanye shi yake yi. Birnin Ahmedabad na ƙasar Indiya, wanda ke fama da zafi irin namu, ya fara shafa wa rufin gidajen talakawa farin fenti a 2017 a cikin shirinsa na yaƙi da zafi. Sai dai ƙura tana dusashe fentin, don haka a wanke shi bayan hunturu, a sabunta idan ya koɗe.

Na biyu, ka ɗaga rufin. Bango mai tsayin mita uku zuwa uku da rabi ya fi na mita biyu da rabi sanyi nesa ba kusa ba, domin iska mai zafi sama take taruwa.

Na uku, ka sa silin, ka kuma bar hanyar iska tsakanin silin da kwano. Mutane da yawa suna sa silin su toshe ko'ina, sai iskar da ke tsakani ta dafu ta riƙa turo zafi ƙasa. Ka bar ƙananan ramuka a bangayen da ke kallon juna sama da silin, ka rufe su da ragar ƙarfe saboda jemagu da ɓeraye. Idan akwai hali, ka shimfiɗa takardar alminiyam mai sheƙi a ƙarƙashin kwanon, fuskarta mai sheƙi tana kallon fili ba a manne da wani abu ba.

Na huɗu shi ne rufi biyu. Wannan ce dabarar da Francis Kéré, masanin zanen gine-gine ɗan Burkina Faso, ya yi amfani da ita a makarantar firamare ta ƙauyensu Gando, wadda aka kammala a 2001. Ya yi bango da silin na tubalin laka, sannan ya ɗaga kwano a kan ƙarafa sama da su, ya zama kamar laima, iska na wucewa ta tsakani. Irin wannan aikin ne ya kai shi ga lashe kyautar Pritzker a 2022, wadda ita ce mafi girma a fannin zanen gine-gine. Mai walda na gari zai iya yi maka ƙaramin irinsa a kan ɗaki guda.

Ko wanne ka zaɓa, ka fitar da bakin kwano ya zarce bango da kamar santimita 60 don ya yi wa tagogi inuwa. Ka kuma ɗaure katakon rufi da ginin ta hanyar ƙarfe ko waya mai kauri da aka binne cikin bulo. Dutse ko tsohuwar taya a kan kwano ba sa hana iskar Yuni aikinta.

Tagogi, iska da ƙura

Taga ɗaya ba ta shigar da iska. Ana buƙatar mashiga da mafita. Ka buɗe taga a bangon kudu daidai tsayin mutum a zaune, ka buɗe wata a bangon arewa can sama kusa da silin. Iska mai ɗan sanyi za ta shigo ta ƙasa, mai zafi ta fice ta sama. Iskar damina daga kudu maso yamma take busowa, don haka tagar kudu za ta yi maka amfani a lokacin gumi.

Da hunturu kuma tagar arewa ce ƙofar ƙura. Ka yi mata murfin da ke rufuwa ruf, ka liƙa roba a gefensa. A ƙasan ƙofa ka buga tsinken tsohuwar taya ko tif don toshe ratar. Raga tana hana sauro da ƙwari, amma ba ta hana ƙurar hunturu, sai dai a ƙara mata yadi mara kauri da za a riƙa cirewa ana wankewa.

Daɓen ƙasa ya zama na siminti mai santsi, a ɗaga shi ya fi tsakar gida tudu da kamar santimita 15 zuwa 20 saboda ruwan sama. Siminti ba ya wahalar samu a yankin tunda ana yin sa a Kalambaina. Idan ka shafa wa daɓen fentin ƙasa, zai daina fitar da gari, ƙaramin kusa ko noti da ya faɗi kuma zai yi saurin ganuwa. Kafin a zuba daɓe, a yi wa ƙasar maganin gara, duk katakon da zai taɓa ƙasa ko bango shi ma a shafe shi.

Sanyaya ɗaki ba tare da cinye batir ba

Tsohuwar fankar sama tana cin kusan wat 70 zuwa 75. Sabbin fankoki masu injin DC, waɗanda ake sayarwa don sola, suna cin kusan wat 30 ko ƙasa da haka, iskarsu kuma ba ta da nisa da ta waccan. A ɗakin da zai dogara da sola, wannan bambancin kuɗi ne tsagwaronsa, kamar yadda za mu gani a lissafi.

A bazara akwai abin da ya dace da yanayinmu ƙwarai, wato na'urar sanyaya iska mai aiki da ruwa, wadda ake zuba wa ruwa a ƙasa fanka ta hura iska ta cikin jiƙaƙƙen soso. Aikinta iri ɗaya ne da na randa: ruwa yana tashi ya zama tururi, sai ya tafi da zafi. Da wannan hikimar ce Mohammed Bah Abba na Jihar Jigawa ya yaɗa tukunya cikin tukunya mai adana kayan miya, har ya samu kyautar Rolex a 2000. Na'urar tana aiki sosai a Maris da Afrilu lokacin da iska ta bushe ƙarƙaf, wutar da take ci kuma kaɗan ce idan aka gwada da na'urar AC. Tana da sharaɗi biyu. Dole a bar taga a buɗe don danshi ya fita. Kuma da damina ta sauka amfaninta ya ƙare, sai dai ta ƙara gumi, ta kuma sa wa kayan ƙarfe tsatsa. Mai gyaran waya kada ya saita ta kai tsaye a kan teburin aiki.

Randar ruwan sha a bakin ƙofa tana cikin kayan ɗakin. Mai aiki a zafin digiri 40 yana zubar da ruwan jiki da yawa, kuma jiri a gaban injin yanka ƙarfe ba ƙaramin haɗari ba ne.

Haske

Ƙwai ɗaya a tsakiyar silin yana jefa inuwarka a kan abin da kake yi. Ɗaki mai murabba'in mita 20 yana buƙatar hasken da ya kai lumen 6,000 zuwa 7,000 don aikin yau da kullum. Doguwar fitilar LED mai wat 18 tana ba da kusan lumen 1,600 zuwa 1,800, don haka guda huɗu sun isa, a jera su biyu-biyu, biyu daga ciki su kasance daidai saman bakin tebur. Ka duba lambar lumen a jikin kwali, ita ce ke nuna yawan haske, wat kuwa cin wuta kawai yake nunawa.

Ka zaɓi farin haske mai lamba 4000K zuwa 5000K. Tela zai fi bambance launin zare a ƙarƙashinsa, mai gyaran lantarki kuma zai fi gane launin waya. Ga aiki mai ƙananan abubuwa, ka ƙara fitilar tebur mai lanƙwasuwa. Ka shafa wa bangon ciki da silin farin fenti, zai ninka amfanin hasken da ke akwai. Amma ka guji sa kwanon roba mai haske a rufi, domin tare da hasken zafi yake shigowa.

Wayoyin wuta: nan ba a neman araha

Wutar gwamnati a Jihar Sakkwato tana ƙarƙashin kamfanin Kaduna Electric, kuma ƙarfinta na ƙa'ida bolt 230 ne. Mafi yawan masu sana'a suna haɗa ta da janareta ko sola, don haka ɗakin na buƙatar tsarin da zai karɓi dukkansu lafiya.

Ka ja wa ɗakin layinsa na kansa daga babban akwatin gida, ka sa masa ƙaramin akwati mai makatsan wuta. Fitilu da fanka su hau waya mai kaurin milimita 1.5, soket-soket su hau mai 2.5, injin walda ko wani babban inji kuma ya samu layinsa shi kaɗai da waya mai 4 ko 6. Ka tabbatar wayar tagulla ce zalla. Akwai wayoyi a kasuwa masu alminiyam a ciki da aka yi wa rufin tagulla, kuma suna zafi tun kafin su ɗauki nauyin da aka rubuta musu. Idan ka kankare bakin wayar da wuƙa ka ga fari a ciki, ka ajiye ta. Duk wayoyi su bi ta cikin bututun roba saboda ɓera.

Abu biyu ne ke ceton rai. Na farko makatsin wuta mai gano yoyo, wanda ake rubuta RCD ko RCCB a jikinsa, mai lamba 30mA. Idan wuta ta bi ta jikin mutum, yana katsewa cikin ƙiftawar ido. Na biyu wayar ƙasa, wadda ake haɗawa da sandar tagulla da aka kafa cikin ƙasa. Busasshen rairayi irin namu ba ya karɓar wuta da kyau, don haka a kafa sandar da zurfi a inda ke da danshi, kamar kusa da magudanar ruwa, a kuma riƙa jiƙa wurin da rani.

Ka sa akwatin canza wuta tsakanin layin gwamnati da janareta ko inbata. Cusa wutar janareta ta cikin soket yana iya mayar da wuta kan layin waje ya kashe ma'aikacin da ke kan turke. Ka yawaita soket a bango, aƙalla shida, a saman tsayin tebur inda hannun yaro ba ya kaiwa, don ka huta da wayoyin da ke jan ƙasa. Wannan ɓangaren duka ƙwararren mai aikin lantarki ne ya kamata ya yi shi.

Lissafin sola

Rana ita ce arzikin da yankin nan yake da shi a wadace. Ba banza ba aka kafa Cibiyar Binciken Makamashi ta Sakkwato a Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo tun 1982, wadda aikinta ya fi karkata ga makamashin rana. Tun da aka janye tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayu 2023, kunna janareta yini guda ya zama abin da ke cinye ribar ƙaramin mai sana'a, sola kuma ta zama abin dubawa ga kowa.

Ga misalin lissafi na ɗakinmu. Fitilu huɗu masu wat 18 na awa biyar: 360. Fanka biyu masu wat 30 na awa goma: 600. Cajin wayoyi, kwamfuta da na'urar narka dalma, a ce wat 150 na awa huɗu: 600. Injin huda ko injin yanka ƙarfe mai wat 800 na rabin awa gaba ɗaya: 400. Jimla 1,960, wato kusan yunit biyu a yini. Idan aka ƙara abin da ke salwanta a inbata da batir, a ce yunit biyu da rabi.

Allon sola mai wat 400, idan ya samu awa biyar da rabi na cikakkiyar rana, aka cire kashi ɗaya cikin huɗu saboda zafi da ƙura, zai ba da kusan yunit 1.6. Ke nan allo biyu sun wadatar, har da ragi.

Yanzu ka duba abin da rufi mara kyau zai jawo. Idan ka yi amfani da tsofaffin fankoki, lissafinsu zai tashi daga 600 zuwa 1,500. Idan kuma zafi ya tilasta maka sa ƙaramar AC mai cin kusan wat 800 na awa shida, wannan kusan yunit biyar ne, wato ƙarin allo uku, da babbar inbata, da ƙarin batir. Kuɗin fenti da silin da ɗaga rufi bai kai wannan ba.

Wani abin da ba kowa ya sani ba shi ne allon sola haske yake so, zafi kuwa rage masa ƙarfi yake yi. Ana auna ƙarfin da aka rubuta a bayansa ne a digiri 25, kuma duk digiri ɗaya da ya ƙaru yana rasa kusan kashi 0.4 cikin ɗari. Allon da ya kai digiri 65 a Afrilu ya rasa kusan kashi 16. Don haka kada a kwantar da shi a jikin kwano. A ɗaga shi da kamar santimita 15 iska ta bi ta ƙasansa, a karkata shi kudu da digiri 13 zuwa 15, a ɗaure shi da noti. Da hunturu a wanke shi aƙalla sau ɗaya a mako, da sassafe ko bayan la'asar sakaliya, domin ruwan sanyi a kan gilashi mai zafi yana iya fasa shi.

Batir da inbata

Zafi ne ke kashe batir a Sakkwato. Batir mai ruwa yana rasa kusan rabin rayuwarsa duk lokacin da zafin wurin da yake zaune ya ƙaru da digiri takwas zuwa goma sama da 25. Ka ajiye shi a kusurwa mafi sanyi, nesa da bangon yamma, a kan katako, a inda iska ke wucewa. Yana fitar da iska mai kamawa da wuta lokacin caji, don haka kada tartsatsin walda ko na yankan ƙarfe ya kusance shi. Ruwan batir kawai ake ƙara masa, ba na rijiya ko na leda ba.

Batir mai ruwa na bolt 12 da amfiya 200 yana ɗauke da yunit 2.4, amma rabi kawai ya kamata a ja idan ana so ya daɗe. Guda biyu za su ba ka yunit 2.4 mai amfani. Batirin lithium irin LiFePO4 na bolt 24 da amfiya 100 yana ba da kusan yunit biyu mai amfani, ya fi tsada a farko, ya fi daɗewa, ba ya kuma buƙatar ƙarin ruwa. Dabarar da ke raya kowane batir ita ce a yi manyan ayyuka tsakanin ƙarfe goma na safe da uku na rana, lokacin da wuta ke zuwa kai tsaye daga allo.

Duk na'ura mai inji tana fizgar wuta ninki biyu zuwa uku, wasu ma fiye, a daidai lokacin tayarwa. Saboda haka injin mai wat 800 yana buƙatar inbata mai kVA 2 zuwa 2.5, kuma ta kasance mai fitar da tsaftatacciyar wuta irin ta gwamnati, domin ƙananan masu araha suna sa inji gurnani da zafi. Walda kuwa tana jan dubban wat, don haka a bar ta a kan wutar gwamnati ko janareta, sai dai idan an gina babban tsari dominta. Tela mai babban keke zai rage cin wuta ƙwarai idan ya canza tsohon injinsa da irin wanda ba ya juyawa sai an taka.

Tebur, kanta da jera kaya

Teburin da za a yi aiki a tsaye ya kai santimita 85 zuwa 95, gwargwadon tsayin mai shi. Na zama kuma kusan 75. Ka yi masa ƙafafun ƙarfe saboda gara, ka ɗaure shi da bango don kada ya yi rawa, ka kafa shi a ƙarƙashin taga.

Ka buga allon katako a bango ka rataye guduma, zarto, filaya, sufana da sukundireba, ka zana siffar kowanne a inda yake zama. Da yamma kallo ɗaya zai nuna maka abin da aka ara ba a dawo da shi ba. Kayan lantarki da na'urar auna wuta su shiga akwati mai murfi saboda ƙura. Abu mai nauyi ya zauna a kantar ƙasa. Idan kana aiki mai ƙura da mai tsabta duka, ka fitar da yankan ƙarfe da fiƙar katako zuwa rumfa a waje.

Kare rai da dukiya

Janareta ba ta kwana a ɗaki tana aiki, ko da ƙofa a buɗe. Hayaƙinta na ɗauke da iskar da ba ta da wari ba ta da launi, kuma tana kisa cikin barci. Ka yi mata kejinta a waje, nesa da taga. Fetur, tina da fenti su zauna a wani wuri dabam.

Ka rataye tukunyar kashe gobara mai hoda a bakin ƙofa, da bokitin yashi, domin ba a zuba wa gobarar lantarki ko ta fetur ruwa. Ka tanadi tabarau na kare ido, da takunkumin hanci, da abin toshe kunne. Ƙarar da ta wuce desibel 85 tana lalata ji idan aka daɗe a cikinta, injin yanka ƙarfe kuma yana wuce wannan. Ƙofa ta zama ta ƙarfe mai buɗewa waje, makulli kuma ya kasance inda yara ba sa gani. Ƙaramar kyamara mai allon solarta da layin waya tana aiko da hoto zuwa wayarka, muddin akwai sabis a unguwar.

Idan kuɗin bai isa a yi duka ba

Da wuya a samu mai iya yin komai a lokaci guda, kuma da sannu ake cika tulu. Ka fara da rufi, silin, tagogi da daɓe. Ka bi da wayoyi masu kyau, makatsin yoyo da wayar ƙasa, ko da wutar gwamnati kaɗai kake da ita a yanzu. Sai fitilu da fanka masu ƙarancin cin wuta. Bayan nan ka zauna da takarda ka lissafa abin da kake ci a yini, ka sayi sola daidai da shi, ka zaɓi inbata da za ta karɓi ƙarin allo nan gaba. Sababbin injina su zo ɗaya bayan ɗaya daga ribar aikin.

Lokacin da ya fi dacewa da wannan aiki shi ne bayan kaka zuwa Fabrairu, sa'ad da babu ruwa, zafi bai tsananta ba, kuɗin amfanin gona kuma yana hannu. Wanda ya gama rufinsa kafin Maris, ko a Sifawa yake, ko Dingyaɗi, ko Kajiji, ko Dandin Mahe, zai iya zama a kan teburinsa da azahar a tsakiyar bazara yana aiki.